Ƙwaryar Inna a Rufe Take

Jiya a kasuwar Zurmi na ga wata ƙwarya mai ɗinki a baki, sai Inna ta faɗo mini a rai. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce, duk unguwa haka muke kiranta.

Ita ta haɗa kan mata, duk Juma'a kowane gida ya zuba hatsi a ƙwaryarta don masu rashi. Ba ta tsallake gida ko ɗaya. A rufe da faifai ƙwaryar take shiga, a rufe take fita, ba mai sanin karɓa Inna ta yi ko bayarwa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, maigidana ya yi jinya damina duka, rumbunmu wayam. Sai ga sallamar Inna, zanenta na ƙanshin hayaƙin kara.

"Ɗiyata, kawo naki."

"Inna, wallahi ba mu da komi."

"Kakkaɓo buhu, ko cikin tafi ne."

Na kakkaɓo ina jin haushinta har wuya. Ta karɓa, ta sa albarka, ta zuba. Sannan ta juye ƙwaryar duka a masakina, ta mayar da faifai, ta ɗora ta a ka tana nishi kamar mai ɗauke da kaya.

"Ke ma kin bayar," in ji ta. "Kowa ya tambaya, abin da za ki faɗi ke nan."

Allah Ya rufa mata asiri a can, yadda ta rufa mana a nan.