Waƙar da Aka Ɗinke a Fata

Damina goma sha uku ke nan da rasuwar kakana, Malam Babba na Toranke. Mutanen gari sun san shi da karantarwa a zaure da noman gyaɗa. Ni kuwa da Ango na san shi, domin tun ina rarrafe yake ce mini Amarya, kamar yadda kakanni ke wasa da jikokinsu. A duk shekarun nan, idan ranar rasuwarsa ta zagayo, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana ne na iya ɗaukar biro, saboda bana na sami amsar tambayar da ta daɗe tana cin raina: shin yana fushi da ni ya bar duniya?

Lokacin ina sakandare a Gaya, ina zaune a gidan yayata. Duk Juma'a sai in hau babur in je Toranke, littafin soyayya a ɓoye cikin hijabi. Ni a wancan zamanin so bai wuce saurayi mai farar shadda da wasiƙa mai ƙamshin turare ba. Wata rana ya kama ni ina share hawaye a kan wani labari.

"Amarya, wane ne ya mutu?"

"Babu kowa, Ango. Rabuwa suka yi."

"Samarin takarda ne suka sa ki kuka, ga mijinki a zaune?"

Na ce, "Wane miji? Tsoho ba haƙori, ko baitin waƙa ɗaya bai taɓa yi mini ba. Ai ba ka iya so ba."

Ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Juma'ar da ta biyo baya sai ya zaro takarda daga gafakarsa, rubutun ajami da tawadar da yake dafawa da kansa. Ya ce baiti bakwai ne, kuma ba zai karanta mini ba. Ni zan karanta, baiti ɗaya duk mako, yadda ake biya allo. Ya rufe sauran da tafin hannunsa, na bi na farko da yatsa ina tuntuɓe:

*Amarya ta ce wai ban iya so ba,*
*Alhali gyaɗata ban ɓoye mata ba.*

Na ce wannan ai ba waƙar so ba ce, waƙar rumbu ce. Bai yi gardama ba. Ya tambaye ni wa yake buɗe wa buhun iri, wanda ko 'ya'yansa ba sa taɓawa. Haka nazarinsa yake: ba ya fassara baiti, tambaya yake jefo miki ya bar ki da ita. A baiti na biyu na ji yadda ya yar da fartanya ran da aka haife ni, ya taho gida ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Na uku a kan zazzaɓin da na yi ne ina shekara huɗu, ya yini da ni a kafaɗa bai biya wa kowa karatu ba.

Juma'a ta huɗu na zo da gaggawa. Na ari kashi na uku na wani littafi, mai shi kuma tana son abinta kafin la'asar. A tsaye na gaishe shi. Ya riga ya shimfiɗa mini buzu, takardar tana hannunsa.

"Zauna mu yi na huɗu."

"Sai Juma'a mai zuwa, Ango."

Ya dube ni jim kaɗan, ya naɗe takardar. "Allah ya kai mu."

Ranar Talata ya rasu. Da na sani ƙeya ce. Bayan sadakar bakwai na bincike gafakarsa da littattafansa, ban ga takardar ba. Kunya ta hana ni tambaya, don kada a ce ana makoki ni waƙa nake nema. Yau ko sunan jarumin littafin nan ba na tunawa, amma ina ganin yadda yatsunsa suka naɗe takardar.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Rabin zaurensa ya zama shagon cajin waya. 'Yan mata sun daina ɓoye littafi a hijabi, a waya suke karantawa, kai a sunkuye ko a cikin adaidaita sahu. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai ce samarin takarda sun koma samarin gilashi, sannan ya tambaya ko suna iya ɗaukar mutum a kafaɗa.

A watan jiya 'yata Ummi, mai shekara goma sha ɗaya, ta dawo da aikin gida. An ba su nazarin wata waƙa a kan jika da kakansa, an ce su fitar da jigo. Ta ce, "Umma, mene ne abin yi wa waƙa a jikin tsoho?" Sai na rera mata baitoci ukun nan, na ba ta labarin takardar da ta ɓata. Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, ta zo ganin likita ta sauka a gidana, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Sai na ga hannunta ya tsaya.

"Wadda Malam ya ba ni ya ce in ajiye, wai ta Amarya ce?"

"Kin gan ta, Goggo?"

"Ke 'yar nan, ai ita na kai wa baduku ran kasuwar Ajingi! Na ga rubutun Malam, a naɗe, da sunan mai ita. Me zan zata in ba laya ba? Ita na rataya wa Ummi ran suna."

Ashe shekara huɗu waƙata tana wuyan 'yata, ina ɗaga ta in yi mata wanka. Bayan haka ta yi shekara bakwai a ƙasan akwatina. Na ɗauko layar, na ɗauko reza. Goggo ta riƙe mini hannu, ta ce ba a buɗe laya, albarkarta tashi take yi. Na ce idan addu'a ce, ta riga ta yi aikinta, ga yarinyar nan ta girma. Ta sake ni tana salati.

Tawadar allo ba ta shiri da ruwa. Zufa da wanka sun ratsa fatar, sun cinye naɗin waje. Baitoci ukun farko sun zama dabbare-dabbare, su ne kuwa waɗanda na haddace. Na huɗu da na biyar kalmomi ne tsilli-tsilli: na ga "mangwaro", na ga "kafaɗa". Na shida ya tafi gaba ɗaya. Amma na bakwai, da yake can cikin tsakiya, yana nan kamar jiya aka rubuta. Ni da Ummi muka bi shi da yatsa:

*In kin makara kin iske buzu ba kowa,*
*Koma da fara'arki, ban yi fushi ba.*

Tun kafin in makara ya rubuta shi. Ya san Amaryarsa, ya kuma san shekarunsa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na karanta labaran soyayya da ba zan iya ƙirgawa ba, ban taɓa cin karo da masoyin da ya tanadi yafiya tun ba a yi masa laifi ba.

Me ya rage na Malam Babba? An raba gonar, buzun ya ƙare, ɗalibansa sun yi furfura. Baitoci uku sun tafi ke nan, ba kuma zan ƙirƙira masa su ba. Amma huɗu suna nan, Ummi kuma ta ce in koya mata ajami, baiti ɗaya duk Juma'a. Goggo ta nace a mayar da takardar wurin baduku. Na ce a'a, ta gaji da zama a rufe.

Allah ya jiƙanka, Ango, ya haskaka kabarinka. Na makara shekara goma sha uku, amma na zo, na zauna.