Ranar da Na Ɗaga wa Uwar Mijina Taɓarya

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da la'asar ɗin da na doki uwar mijina da taɓarya a tsakar gidanmu na Tahoua. Na san yadda maganar take a kunne, shi ya sa nake roƙon mai karatu ya bari in kai ƙarshe kafin ya tsine mini.

A shekarun nan maigidana yana bida, wato neman kuɗi, a Abidjan, kamar yawancin mazan Ader. Kafin ya tafi ya kafa mana shato, wato tankin ruwa, a saman banɗaki, da ɗan injin da ke tura ruwa cikinsa, saboda ruwan unguwarmu ba ya da ƙarfi sai da asuba. Don kada in riƙa tashi, ya sayo wani agogon wuta mai juyawa, ya sa aka haɗa shi a cikin akwati kusa da kwantar, wato mitar wuta, a zaure. Da asuba agogon ya kunna injin, in rana ta fito ya kashe. Mutumin nan yana ji da agogon nan kamar shi ya ƙera shi, ni kuwa ko buɗe akwatin ban taɓa yi ba.

Da bazara ta yi tsanani, Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Affala ganin likitan ido, ta zauna wurina. Tsohuwa ce mai tsabta da ƙarfin hali, ba ta son a yi mata komai. Ko butar alwala ba ta yarda a cika mata, kuma a tsakar gida ba ta sa takalmi, wai ƙafarta ba ta saba da roba ba. Ba ta daɗe ba ta fara ƙorafi.

"Ɗiyata, pompon ga naku shina cizo."

Na je na kama kan famfon, na murɗa, na wanke hannu, ban ji komai ba. Da ta sake faɗa na kira mai gyaran wuta na unguwarmu. Ya zo da hantsi, ya dafa famfon da ɗan sukundireban nan mai fitila a ciki, fitila ba ta kama ba. Ya ce ƙila jijiyar hannu ce. Maigidana ma a waya ya ce in gaya wa likita ya duba ta. Inna ta bar maganar, amma na ga ranta ya ɓaci.

Ranar da abin ya faru an yi ta wasa da wuta tun safe, a ɗauke a kawo, a ɗauke a kawo. Ana kiran la'asar ina bakin madafa ina daka yaji, sai na ji wani irin sauti, ba kuka ba, ba magana ba. Na waiga. Inna tana tsaye a jiƙaƙƙen siminti, hannunta ya damƙe kan famfo, jikinta duk yana karkarwa, idanunta sun kafe. Buta ta faɗi tana ta gangarawa.

Na yi kanta da gudu zan rungumo ta, har na miƙa hannu, sai Allah ya tsayar da ni. Na san in na taɓa ta mu biyu za a kwasa. Babban makunni yana can zaure, a cikin akwati mai kwaɗo, mabuɗin yana ɗaki. Abin da ke hannuna kawai taɓarya. Na ce bismillahi, na ɗaga, na sauke ta a tsintsiyar hannun Inna. Bai saki ba. Na ƙara da dukan ƙarfina. Na ji ƙashi ya yi ƙara, ta yi baya ta faɗi, kanta ya bugu da bakin rariya.

Daidai nan maƙwabciyata ta shigo aron rariyar tankaɗe. Abin da idonta ya gani shi ne ni tsaye da taɓarya, tsohuwa kwance cikin jini. Ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu.

Muka kai Inna asibiti tana numfashi amma ba ta san wanda ke kanta ba. Kafin magariba labari ya zaga unguwa, kafin gari ya waye ya isa Affala. Ina zaune a bakin ɗakin da aka kwantar da ita mata suna wucewa suna kallona ta wutsiyar ido. Tsoro biyu ne suka haɗu mini: kada ta mutu, kuma kada ta mutu ba ta faɗi abin da ya faru ba.

Da hantsi wan mijina ya iso. Mutum ne mai sanyin magana, kuma sanyin nan ya fi faɗa ban tsoro. Na gaya masa kuran ne, wato wutar lantarki, ya kama Inna a famfo. Ya ce mu je gida. Da muka shiga ya nufi famfon kai tsaye, ya tuɓe takalmi, ya kama shi da hannu biyu, ya daɗe yana riƙe da shi yana kallona.

"Ina kuran ɗin da kic ce?"

"Yaya, wallahi jiya akwai shi."

"Jiya." Ya saki famfon ya goge hannu a riga. "Ki ɗauki ɗiyanki ki tahi gidanku, har mai gidan ya yi magana. Ni ban iya kallonki."

Amma bakina bai mutu ba, dama ba a san ni da mutuwar baki ba. Na ce zan tafi, amma sai an kira mai gyaran wuta ya duba a gabansa. Ya ce a kira shi.

Mai gyara ya zo, ya dafa famfo da sukundirebansa. Babu komai. Ya dafa bututun, ya dafa ƙofar banɗaki, ya shiga ɗaki ya duba firiji da fanka. Babu komai. Maƙwabta sun cika zaure, ina jin wata tana cewa dama ai ta faɗa. Mutumin ya fara mayar da kayansa cikin jaka, yana kauce wa idona.

Na rufe ido ina ƙoƙarin komawa jiya. Ga turmi, ga kiran salla, ga buta tana gangarawa. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin duk wannan, wani gurnani da kunnena ya saba da shi har ya daina jin sa.

"Malam, dakata," na ce. "Jiya injin ruwa yana aiki sa'ad da abin ya faru."

"Da la'asar? Hajiya, ni na ɗaura agogon ga, asuba ni sa mishi."

"To ni dai na ji shi."

Ya karɓi mabuɗi ya buɗe akwatin, ya tsura wa agogon ido, ya dubi wayarsa, ya sake duban agogon. Sai ya ce innalillahi. Irin wannan agogo da wuta yake juyawa, in an ɗauke ya tsaya cik, in an kawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ɗauke-ɗauken bazara ya yi ta ja masa lokaci baya, har asubarsa ta koma la'asar. Mu kuma kullum da safe muke gwada famfon, injin yana kashe.

Ya ce kowa ya matsa. Ya sa yatsa ya juya agogon a hankali, har ya yi ƙas. Injin ya ɗauki gurnani. Ya taka zuwa famfon ya dafa, fitilar sukundireban ta kama ja wur. Da ya kashe komai ya bi wayar injin, ya tarar zafin rana ya cinye robarta a inda ta kwanta kan bututun ƙarfe.

Wan mijina ya dubi tafin hannunsa, waɗanda ya riƙe famfon da su ɗazu, ya zauna a kan turmina. Ni kuwa a nan kuka ya zo mini, wanda ban samu yi ba tun jiya.

Inna ta farfaɗo da yamma, hannu a naɗe, kai a ɗaure. Na durƙusa a gefen gadon na kasa ɗaga ido. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce da 'yar muryarta, "Ɗiyata, hannunki da nauyi. Allah shi yi miki albarka." Ta juya wajen ɗanta. "Na hwaɗa muku shina cizo."

Hannun nan bai sake miƙewa daidai ba har ta koma ga Allah, kuma duk sa'ad da na ga tana fama da ɗaurin kallabi sai zuciyata ta karye. Tun daga lokacin, in mutum ya ce mini wani abu yana cutar da shi, ba na kai hannuna in gwada in ce ni ban ji ba. Zama nake in tambaye shi yaushe, a ina, yana yin me. Da mun yi wa Inna waɗannan tambayoyin, da hannunta biyu za ta koma Affala.