Babban Yatsan Sidi na Hagu

Har yau, in warin daddawa ya buge ni a cikin kayan alhazai, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na unguwar Misfala a Makka, ina 'yar shekara tara. Lokacin aikin Hajji gidan kan cika da baƙi daga ƙasar Hausa, mu kuma mu tattara a ɗaki ɗaya. Suna kawo kuka da daddawa, suna kawo labari. Kakata, wadda muke kira Sitti kamar sauran yaran Makka, ta fi son labarin.

Kakana, Sidi, bai cika tambaya ba. Yana yaro mahaifinsa ya riƙo hannunsa suka baro gida, a shekarar da Nasara suka ci ƙasar. Sun yi shekaru suna tafiya ta Sudan, su yi noma a nan, su yi ɗinki a can. Yakan ce Nasaran nan daga wani ɗan tsibiri suka fito, gidansu ya yi musu kaɗan. Da farko ciniki suka ce ya kawo su, sai yarjejeniya ta biyo, sai bindiga mai ruwa. Ya yi rantsuwa hannunsa ba zai taɓa takardarsu ba, kuma kowa a unguwa ya sani.

Wata shekara wani alhaji Bakatsine ya zauna yana shan shayi, yana lissafa mutanen ƙauyensu, sai Sitti ta saki ludayi. Ƙanwarta, wadda aka bari tana jaririya a hannun goggonsu ranar da su Sitti suka yi hijira, tana raye. Idonta ya fara mutuwa, amma tana nan.

A nan rigima ta tashi. Ba yadda za a yi Sitti ta shiga jirgin ruwa ta koma can sai da takarda daga ofishin Nasara a Jidda, mai cewa ita talakarsu ce. Takardar kuma ba ta fita sai mijinta ya dangwala yatsa.

"Na bar masa ƙasar, ya biyo ni har bakin Harami?" in ji Sidi. "Wallahi abadan."

Sitti ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Ta ci gaba da dafa masa tuwonsa, tana ajiye masa ruwan Zamzam a tulu. Sai dai ta daina waƙa in tana daka, gidan ya yi wani irin shiru. Na ji haushin Sidi ƙwarai a lokacin, ban ɓoye ba, har na daina kai masa buta.

Da alhazai suka fara ɗaure kaya, ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce, "Malam, Nasara sun raba ni da ita sau ɗaya. Na biyun kai ne."

Washegari ya ciyar da miskinai goma, kaffarar rantsuwarsa, ya sa farar rigarsa ya hau motar Jidda tare da baffana. Baffa ya ba mu labari cewa ma'aikacin ya kamo hannun dama, Sidi ya fizge, ya miƙa masa na hagu. Aka yi ta ja-in-ja, Sidi ya ce da dama yake cin abinci, da ita yake gaisawa da mutanen kirki, Nasara su yi haƙuri da ɗayan. Ma'aikacin ya gaji ya karɓa. Sidi ya dawo da shuɗin tawada a yatsa, yana tafiya kamar wanda ya ciwo yaƙi.

Sitti ta tafi da baffa, ta yi wata huɗu. Ta tarar da ƙanwarta da sauran gani kaɗan, daidai wanda zai ishe ta ta gane fuskar mahaifiyarsu a fuskar yayarta.

Yanzu gidan Misfala ya zama otal, ni ina unguwar Shisha a bene na uku. Jikokina suna haddace mulkin mallaka da Larabci don jarrabawa, su manta bayan mako guda. Kwanan baya babbar ta tambaye ni, wai tsakanin Sidi da Nasara wa ya ci nasara. Na ce mata su sun riƙe ƙasar shekaru, sun kwashe kayansu sun tafi. Shi kuwa ya karya rantsuwar da ya riƙe tun yana yaro, don tsofaffi biyu su kwana ɗaki ɗaya, kuma har ya koma ga Allah ban ji ya yi wa Sitti gorin hakan ba.