Alhamis Ɗin Malama Balaraba

Ranar Talata, 13 ga watan Mayu na 2025, ina tsakar rubuta lissafi a allo aka leƙo ajina aka ce in fito. A bakin ƙofa aka faɗa mini Allah Ya karɓi ran Malama Balaraba Ubaidullahi, malamar Hausa ta aji biyar a makarantarmu ta firamare da ke Tudun Wada, bayan 'yar gajeruwar jinya. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Wannan ban yi jayayya da shi ba. Jayayyata da masu rai ce.

Malama, ranar Litinin da ta biyo baya hedimasta, Malam Lawwali, ya tara malamai a ofis aka yi miki addu'a. Ya ce ke mace ce mai haƙuri wadda ba ta da abokin faɗa. Wallahi sai da na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Ke ce ba ki da abokin faɗa? Shekara nawa kuna kai ruwa rana da shi kansa a cikin wannan ofishin? Ni dai ba zan yi miki wannan ƙaryar ba. Kina da zafin rai, kina da taurin kai, idan kika kafe ko duk makaranta ta taru a kanki ba kya motsawa. Kuma a kan abu guda kike kafewa, darasin Alhamis.

Bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba. Duk Alhamis, da an dawo daga hutun tara, 'yan aji biyar za su yi layi, Malama a gaba, ni a baya ina koro masu tsayawa kallon mai rake. Sai mu fita cikin unguwa. Ba nisa muke yi ba: wurin maƙeri, ko rumfar teloli, ko wajen masu awon hatsi. A tsaya, kowa ya kama bakinsa, a yi kallo. In an dawo aji kowa ya rubuta abin da ya gani, mai son zube ya yi zube, mai son waƙa ya yi waƙa.

Doka ɗaya kika kafa, ba a cewa abu yana da kyau. Yaro ya rubuta haka sai ki tura masa takardarsa ki ce, "Ban tambaye ka ko shina da kyau ba. Mi kag gani?" Wasu har kuka suke yi. Amma kafin zango ya ƙare sai ki ji yaro ya rubuta cewa ƙarfe idan ya fito daga wuta ja ne a baki, baƙi a gindi, kuma maƙerin yana juya shi kafin gudumar ta sake sauka.

Karin waƙa kuwa ban taɓa ganin kin rubuta ma'anarsa a allo ba. Wani gida kika kai su inda mata biyu ke daka gero a turmi ɗaya. Kika ce su saurari saukar taɓare, su bi da tafi a cinya, sannan kowa ya ɗora kalmominsa a kai. Ran nan da waƙa aka dawo makaranta, matan gidan suna ta yi mana dariya.

Na tuna ranar da Alhaji Jibrin, mai sayar da hatsi, ya shigo makaranta ransa a ɓace. Ya ga 'yarsa Safiya tsaye gaban rumfarsa da kayan makaranta a lokacin karatu. Ya ce shi karatu ya kawo ta, ba yawon kasuwa ba. Na zaci za ki ba shi haƙuri. Ina! Kujera kika ja masa, kika kira Safiya kika ce ta karanta aikinta. Yarinyar ta karanta cewa babanta idan ya cika tiya da gero yakan yi mata tozo, in kuma mai sayen tsohuwa ce sai ya ƙara cikin tafi guda yana kallon wani wuri, kamar bai san hannunsa ya yi ba. Alhaji ya saurara har ta gama. Daga baya ya ce, "Ashe ana ganina." Bai ce kin yi daidai ba, amma bai sake kawo ƙara ba.

To, Malama, ga abin da aka yi a bayanki. A wannan zaman na Litinin, ko gama shafa addu'a ba mu yi ba, hedimasta ya ce daga yanzu lokacin Alhamis ya koma na bitar tambayoyin jarrabawar shiga sakandare, kuma za a riƙa kulle ƙofar makaranta har a tashi. Ya kawo hujjojinsa: babura sun yi yawa a hanya, iyaye sakamako suke tambaya. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma baburan nan suna nan duk shekarun da muka yi muna fita, kuma ko ƙwarzane yaro bai taɓa yi ba. Abin da ya sauya guda ne, wadda za ta tsaya masa a gaba ba ta nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai huce ba.

Tunda ba a turo wani malamin Hausa ba, na ce a ba ni ajin. Nan take ya ba ni. A ganinsa malamar lissafi ai bita za ta yi musu.

Ranar Alhamis, da aka dawo daga tara, ban ce wa yaran komai ba, sai ga su sun yi layi da kansu a gaban aji. Suka bar gurbinki a gaba. Na shiga gurbin, muka nufi ƙofa. Ga kwaɗo a rataye. Maigadi ya dube ni, na dube shi. Umarni aka ba shi, ba ni da faɗa da shi. Na juya na ce wa yara, "Yau ƙofa za mu duba. Kowa ya kama bakinsa."

Suka tsaya cikin zafin nan na bazara suna kallon ƙofar makarantarsu kamar ba su taɓa ganinta ba. Da muka koma aji suka rubuta. Mu'az, yaron nan mai in'ina da kike sawa ya rera aikinsa saboda ba ya sarƙewa in yana rerawa, shi ya miƙe ya rera:

Ƙofarmu koriya ce, sai dai ta koɗe
Daidai inda muke kamawa mu leƙe.

Bayan an tashi na je na duba. Haka ne kuwa. Fentin ya goge a layi ɗaya, daidai tsayin hannun yara. Na daɗe ina shiga ta wannan ƙofa ban taɓa lura ba, kuma a nan ne na yi kukan da ban samu na yi ba a gidan makoki.

Washegari hedimasta ya kira ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko yaro ɗaya ban fitar ba."

Ya ce, "Malama Wasila, kin san abin da nika nuhi. In kika sake, zan nemi a canza miki makaranta."

Na ce, "Na ji. Alhamis mai zuwa ma za mu tsaya."

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. In aka kai ni bayan gari, ban san yadda zan yi da tsohuwata da nake jinya ba. Kuma ni ba ke ba ce. Kunnena bai kai naki ba wajen kama karin waƙa, sau da yawa yaran ne ke gyara mini. Amma tsayawa dai na iya. In sun kulle ƙofa za mu dubi ƙofa, in sun hana mu tsakar makaranta za mu dubi tagar aji. In kuma sun ɗauke ni, can ma akwai yara, kuma da idanu Allah Ya halicce su.

Allah Ya jiƙan ki, Malama Balaraba. Ya yafe miki zafin ranki, Ya saka miki da alheri a kan abin da kika yi da shi. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa duk yaron da ya buɗe ido ya dubi halittar Ubangijinsa ta dalilinki ya zamar miki sadaka mai gudana. Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, Malam Habibu na Minanata, da 'ya'yanta Ihsan da Saifullah, da dukkan dangi. Allah Ya ba ku dangana, Ya raya abin da ta bari.

Sai kuma 'yan aji biyar. An je gida an yi gaisuwa, an yi wa malamai gaisuwa, amma har yau babu babba ko ɗaya da ya shiga ajinku ya ce muku ya haƙuri, alhali ku ma an yi muku rashi. To, ni na ce: ya haƙuri, yarana. Allah Ya jiƙan malamarku. Ranar Alhamis kowa ya zo da fensirinsa a fiƙe.