Tutar Ƙofar Malama Shizuko

Shekara talatin da shida Malama Shizuko ta yi tana koyar da Turanci a ƙauyensu, kuma duk wanda ya bi ta ajinta ya san akwatin katunanta. Kowane kati kalmomi biyu ne 'yan uwan juna, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ka ce mata ma'anarsu ɗaya ce, ka jawo wa kanka tsayuwar rabin awa.

Yanzu shekarunta tamanin da ɗaya. Mijinta ya rasu, makarantar ma an rufe don babu yara. Tana zamanta da lambun albasarta, hankali kwance. Abu guda ƙauyen ya ɗora mata, kamar kowane tsoho mai zama shi kaɗai: kullum da safe kafin ƙarfe takwas ta kafa tuta rawaya a ƙofa, alamar ta tashi lafiya.

Sai ga ɗanta Noboru daga birnin Osaka, ya zo ɗaukarta, har da akwati fanko na zuba kayanta. Da safe suna shan shayi ya fito da maganar.

"Mama, zaman kaɗaicin nan ya isa haka. Na gyara miki ɗaki."

Ta san taurin kansa. A wurinta ya gada. Ta jawo katunan, ta zaro ɗaya.

"Karanta."

"Haba Mama, shekarata hamsin da biyar."

"Kuma har yau ba ka ci wannan ba. Alone, babu kowa a gefenka. Lonely, babu kowa a ranka, kewa na cinka ko a tsakiyar kasuwa. Ni ta farkon ce."

"Duk ɗaya ne."

Da ma bai faɗa ba. Ta gyara tabarau, ta shiga kawo misalai, shi yana musu, shayi ya huce, takwas ta wuce. Tuta kuwa tana jingine bayan ƙofa, an manta da ita.

Hatsue mai awara ce ta fara faɗowa ba sallama, tana haki. Bayanta Tsuneo masunci da takalman ruwansa, sai mai kai wasiƙu, sai wasu tsofaffi uku, dukansu ɗalibanta ne a da.

"Ashe da ranki!" in ji Hatsue. "Na bar tukunya a wuta saboda ke, Malama, ke kuma kina nan kina ba wannan ƙaton darasi."

"Shi ma bai gane ba ko?" Tsuneo ya tambaya. "Katin nan sau biyu yana kayar da ni."

Noboru ya bi takalman da suka cika bakin ƙofa da kallo. Shekara tara ke nan da shigarsa gidan benen da yake zaune a Osaka, bai san sunan maƙwabcinsa ba. Kunya ta kama shi, daɗi ma ya kama shi.

Washegari shi ya kafa tutar da hannunsa kafin ya tafi tasha shi kaɗai. Akwatin nan bai koma fanko ba: albasa ce cike, katin kuma a sama.