Ƙunshin Inna da Na'urar Tantancewa

A shekarar da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota daga Mararaba zuwa cikin gari ya ninka, na aurar da 'yata ta fari. A shekarar ne kuma wata na'ura ta ƙi yarda cewa mahaifiyata tana raye. Ko tsufa ya sa na manta hanyar gidanmu, wannan ba zai fita daga raina ba.

Inna ta yi aikin shara da goge-goge a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya har ta yi ritaya. Fanshonta ba wani mai yawa ba ne, amma da shi take sayen maganin ciwon suga, wanda in ta kwana biyu ba ta sha ba sai idonta ya fara hazo. Ni lodin kaya nake yi a wani sito a Idu, abin da nake samu ba ya ɗaukar maganin. Lokaci-lokaci akan kira tsofaffin ma'aikata tantancewa: mutum ya je da ƙafarsa ya ɗora yatsa a kan na'ura, a tabbatar bai mutu ba. Wanda bai yi ba, a tsayar da fanshonsa.

Da biki ya matso, Inna ta ce ita ba za ta yi zanen fulawa irin na 'yan mata ba, ƙunshin gargajiya za ta yi. Ta sa aka nemo mata zunguru, ta kwaɓa lalle, ta zura hannu ta kwana da shi, ta yi ta maimaitawa har yatsun suka rine. Tana ta tsokanar amarya wai in ango ya ga hannunta zai canza shawara.

Bayan biki, sati bai zagayo ba aka kira tantancewa. Muka yi sammako muka bi layi. Wata yarinya ma'aikaciya ta kama babban yatsan Inna ta ɗora, fitila ta nuna ja. Ta gwada sauran yatsun, duk ja.

"Mama, lalle kika sa?"

"Bikin jikata aka yi, 'yar nan. Da me zan je, da hannu fari kamar mai takaba?"

Yarinyar ta ce mu dawo in ya goge, kafin a rufe a ƙarshen wata. Nan muka yi kuskuren da ya fi na farko. Maƙwabta kowa ya kawo dabararsa, wannan lemon tsami, wancan toka, wata ta kawo dutsen goge kaushi. Muka yi ta dirza. Ashe zanen yatsun nata, da shekarun ruwa da sabulu suka riga suka cinye, shi muke ƙarasawa. Da muka koma, na'ura ba ta ga komai ba. Aka rufe, fansho ya tsaya.

Inna ta ce a bar wa Allah, ba ta son ta ga ina yawo a kanta. Na ce na ji, amma ban bari ba. A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, na ba malamarmu labari. Ta ce fansho ba sadaka ba ne, haƙƙi ne da doka ta ba wanda ya yi aiki, kuma ba a yanke wa mai rai haƙƙinsa don yatsansa ya gaji. Ta ce in daina roƙon masu na'ura, in nemi mai sauraron ƙorafi.

Na yi ta zuwa ofishinsa. Yau oga yana taro, gobe ya yi tafiya. Mai gadi ya san ni har yana tambayata ya Mama. Duk ranar da na je, lodin ranar ya wuce ni. Muka sayar da awakin Inna, maganin kuma ya zama yau a sha gobe a tsallake.

Ran nan na ɗauko ta na zaunar da ita a benci ƙofar ofishin, na ce ko za mu wuni. Da azahar ogan ya fito sallah, na bi shi sahu. Da aka sallame na tare shi a inda ake ajiye takalma.

"Ranka ya daɗe, na'urarku ta ce uwata ta mutu. Ga ta can a benci tana cin gyaɗa."

Ya fara dariya, ya waiga ya gan ta, dariyar ta tsaya. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya duba yatsun. Ya ce ai akwai hanyar da ake bi wa wanda na'ura ta kasa: a ɗauki hotonta, a duba katinta na aiki, ɗan'uwa ya sa hannu a matsayin shaida. Sai dai ba kowa ke tambaya ba.

Da aka zo kaina, sakatarensa ya turo mini tawadar dangwale. Na ce a ba ni biro. Na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi, gumi na keto mini. Inna ta leƙo ta ce, "Rubutun kamar sawun kaza, amma dai naka ne."

An dawo da fanshon, har da na baya. Abin da na koya shi ne haƙuri daban, zama daban. Haƙƙin tsoho ba ya zuwa gida ya same shi, sai wani nasa ya tsaya ya tambaya, in an ce babu ya sake tambaya. Da na yi tambayar tun ranar farko, da ba mu rasa abin da muka rasa ba: wata biyar babu magani a kan lokaci, awaki biyu, da ganin idon Inna na hagu, wanda bai dawo ba.