Ƙarfe a Cinyar Ƙyalesu

Duk garin Fakku ba wanda zai ce maka Na'Allah mutumin kirki ne, shi ma bai taɓa neman a faɗa ba. Ɗan farauta ne tun yana saurayi, dogo, siriri, bakinsa ba linzami. Ya yi faɗa da 'yan'uwansa kan gona, ya yi da liman kan karnuka, har matarsa Jannatu ta gaji da bin gidaje tana ba da haƙuri. Abu ɗaya aka san yana ƙauna a duniya, wata jar karya mai dogayen ƙafafu. Ya sa mata suna Ƙyalesu don duk sanda ya ƙwala mata kira maƙwabta su san da su yake.

Babban abokin gabarsa shi ne Ɗanmaliki, shi ma ɗan farauta, mai garken karnukan da ba su taɓa riga Ƙyalesu cafke zomo ba. Ana tsakiyar rani Ɗanmaliki ya take ta da babur a hanyar Kebbe. Ya rantse tsautsayi ne, Na'Allah ya rantse ganganci ne, har yau ba a raba gardamar ba. Ƙashin cinyarta dai ya karye gida biyu.

Na'Allah ya rungume ta sai gidan Malami mai ɗori. Tsohon ko tashi bai yi daga tabarma ba.

"Da hannun da nika ɗora ɗiyan Musulmi? Fice min da ƙazantag ga!"

A Tambuwal ma'aikacin dabbobi ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai Sakkwato. Direbobin tasha suka ƙi ɗaukar kare, ya goya ta cikin kwando a bayan babur har can. Wata likitar dabbobi mai suna Safiyyatu ta ɗauki hoton ƙafar, ta sa karyar barci, ta tsaga cinyar, ta zura dogon ƙarfe a cikin ƙashin ta ɗinke.

"Ƙarfen nan riƙo kawai yake yi, ƙashin ne zai haɗe da kansa," in ji ta. "Ka ɗaure ta wata biyu. In ta yi gudu kafin nan, ba lallai ƙafar ta sake ɗoruwa ba."

Wata biyu na nufin farautar bana ta wuce su. Duk da haka, a faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya kafa mata turke a inuwar rumbu, yana wanke ciwon da kansa, yana sayo mata nono wajen Fulani. Mutanen gari kuwa, da ba su taɓa leƙa majinyaci da ko ƙwayar dabino ba, suka sami abin yi. Inda duk ya gifta sai a tambaye shi jikin amarya. Yana haɗiyewa yana zagi, ciwon kuma yana warkewa, har ta fara taka ƙafar.

Ranar farautar ƙarshe kafin damina, tun wata biyun ba su cika ba, 'yan farauta suka fito da ganga. A al'ada kowa kan yi kirarinsa a bakin gari, amma Ɗanmaliki ya ja makaɗin har ƙofar gidan Na'Allah.

"Ina mai jinyar kare? A ba shi zane shi zamna da mata! Gurguwa ta gama yawo!"

Aka kwashe da dariya. Ƙyalesu ta ji ganga tana ta fizgar igiya. Jannatu ta riƙe hannun mijinta.

"Don Allah ka bari. Ba ka ji abin da likita tac ce ba?"

"Ƙarfe na ciki!" ya daka mata tsawa. "Mi ka karya ƙarfe?"

Girman kai rawanin tsiya. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin 'yan tauri, a wurinsa ba abin da ya kai ƙarfe, to wanda ke ɗauke da shi a cikin ƙashi ai ya gama tsira. Ya kwance ta.

A fadamar bayan gari zomo ya tashi. Ƙyalesu ta fita kamar kibiya, ta wuce karnukan Ɗanmaliki duka, Na'Allah ya ɗaga gora yana ihu. Zomon ya yi kwana, ta juya a kan ƙafar, sai ta kife. Kukan da ta yi ya tsayar da ganga. Da ya isa, cinyar ta lanƙwashe, bakin ƙarfen ya huda fata ya fito.

Da ya mayar da ita Sakkwato, Safiyyatu ba ta yi masa faɗa ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta yanke ƙafar daga sama.

Na'Allah yana nan a Fakku, ya ƙara zafin rai, kuma duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin Ɗanmaliki ne. Ba wanda ke musa masa, har Jannatu. Amma duk rani, da an buga gangar farauta, karyar takan miƙe da ƙafa uku tana kuka za ta bi, shi kuma ya tashi da sauri ya ɗaure ta tamau a turke, ya zauna kusa da ita har ƙarar gangar ta ɓace.